Likita Mila na Zariya, Wanda Ya Juya Mana Littafi Mai Tsarki

'Yan'uwa, sa'ad da muka zauna shirya wannan ɗan littafi na jubili, mun yi ta shawara a kan wanda za mu ba da labarinsa daga cikin magabata. Wani ya kawo sunan wannan, wani ya kawo na wancan. Can sai muka lura, duk muhawarar nan da muke yi, kowannenmu hannunsa yana bisa Littafi Mai Tsarki na Hausa. To, ashe ba sai an je da nisa ba. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa, shekara talatin da ɗoriya, domin Maganar Allah ta shigo cikin harshenmu, shi za mu tuna. Sunansa Walter Miller, amma Zazzagawa ba su san shi da wannan ba, sai Likita Mila.

Ba a bakin Nilu ya yi aikinsa ba. Mai karatu da ya tashi a Jabal Awliya, ko Umdurman, ko Hartum, yana iya tambaya, ina ruwansa da wani Bature na Zariya? Amsa ita ce, a zamanin da muke magana, in an ce Sudan ba ƙasa guda ake nufi ba. Dukan shimfiɗar nan ta baƙar fata, tun daga Kwara har Nilu, ita Larabawa suka sa wa wannan suna. Hanya ɗaya ce kuma ta ɗinke ta, watau hanyar alhazai, wadda ta taso daga Kano ta bi ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, ta faɗo Umdurman, kana ta nufi bakin teku. Ta nan kakanninmu da yawa suka zo, waɗansu da niyyar wucewa Makka, guzuri ya ƙare suka zauna noma, waɗansu kuwa sun biyo Mai Wurno ne bayan yaƙin Burmi na 1903. Sun zo da harshensu. Duk inda harshen nan ya sauka, littafin da Likita Mila ya juya yana da wurin sauka.

An haife shi a 1872 a Honiton, wani ƙaramin gari na kudu maso yammacin Ingila. Ya koyi aikin likita a asibitin St. Bartholomew na Landan. Da ya so, da ya zauna can ya ci riba da iliminsa, amma ya ba da kansa ga mishan ɗin C.M.S. domin ƙasar Hausa. Ya kuwa san abin da ya sami waɗanda suka riga shi. J. A. Robinson da Graham Wilmot Brooke sun zo Lakwaja a 1890 da wannan niyya, ɗaya ya mutu a 1891, ɗaya a 1892. Samari uku na farko na mishan ɗin S.I.M. sun sauka Ikko a 1893, kafin ƙarshen 1894 biyu suna kabari, Thomas Kent a Bida, Walter Gowans a Girku. Ku riƙe sunan Girku, za mu komo kansa.

Da yake ba shi yiwuwa Bature ya zauna Kano ya koyi Hausa a lokacin, sai aka tura shi Tarabulus, inda ayarin fatake da alhazai suke sauka bayan sun ƙetare hamada. A can ya fara karya harshensa. A can kuma ya gamu da wani yaro Bakatsine, Abdul Majid Tafida, wanda ake kira Audu. Yaron ya fito hajji tare da ubansa, uban ya rasu a hanya. Audu ya ƙarasa Makka, daga baya ya komo wurin Likita Mila ya zama kamar ɗansa, ya bi shi har Ingila, har ƙasar Hausa. Mun ga ya kamata a faɗi wannan tun da wuri, gama sau da yawa akan ba da labarin Turawan mishan kamar su kaɗai suka yi komai. Hausar da ke cikin Littafinmu, farkonta daga bakin maraya ɗan hanyar hajji ta fito.

A farkon 1900 mutum biyar suka tashi daga Ikko suka nufi Kano: Bishop Herbert Tugwell shi ne madugu, sai Likita Mila, da A. E. Richardson, da Dudley Ryder, da J. R. Burgin. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da alheri. Amma da suka kai Kano, Sarki Alu bai yarda ba, ya ba su 'yan kwanaki su fita masa daga gari. In za mu faɗi gaskiya, ba abin mamaki ba ne. A ranar 1 ga Janairu na wannan shekara Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, Sarkin Kano kuwa ba shi da hanyar rarrabe Bature mai Littafi da Bature mai bindiga. Lugga ma kansa bai ji daɗin wannan tafiya ba, ta kuma ƙara sa gwamnati ta riƙa ɗari-ɗari da mishan a ƙasashen sarakuna. Himma ta yi musu yawa, haƙuri ya yi kaɗan.

Suka juyo suka yada zango a Girku, kudu da Zariya. Nan ciwo ya kama Dudley Ryder ya mutu, aka binne shi a garin da Gowans ya mutu shekara shida kafin haka. Richardson ya koma gida ba lafiya. Sauran ma daga bisani suka ja da baya zuwa Loko a bakin Binuwai. Wanda ya ga wannan ayari a 1901 zai ce an gama.

Ku dubi kuma abin da ke faruwa a wancan gefe a daidai wannan lokaci. A ƙarshen 1899, shekara guda da 'yan watanni bayan yaƙin Karari, Llewellyn Gwynne da Likita Harpur na C.M.S. suka iso Umdurman. Su ma hukuma ta hana su wa'azi ga Musulmi, sai aikin magani da makaranta suka samu daga baya. Watau ƙofa biyu, ta gabas da ta yamma, an ƙwanƙwasa su kusan shekara ɗaya, aka kuwa sami amsa iri ɗaya.

Likita Mila ya komo. A 1905, a zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, aka ba shi wurin zama cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke. Wannan abu ne da ba a sake samun irinsa da sauƙi ba, mishan a tsakiyar birnin sarki, cikin ganuwa. Ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Lugga yana girmama Hausarsa, har yakan ba shi takardun gwamnati ya juya. Amma shawarar da ya kawo ta makarantar 'ya'yan sarakuna da malamai ba ta yi nisa ba. Iyaye sun san abin da ke zuciyarsa, shi kuwa ba mutum ne mai ɓoye niyyarsa ba. Daga baya gwamnati ta danƙa aikin makaranta a hannun Hanns Vischer, Ɗan Hausa, wanda ya buɗe tasa a Nasarawa ta Kano a 1909.

Abin da ya rage wa Likita Mila shi ne gidansa da 'yan yaran da ke ciki. Bai taɓa aure ba, yaran nan su ne iyalinsa. Tare ake ci, tare ake addu'a, tare ake karatu. Shekara da shekaru ana aiki, waɗanda suka karɓi baftisma ba su da yawa. A cikinsu akwai Malam Fate, wanda ya zama abokin aikinsa. Masu lissafi da yawan kai sun ga kamar asara ce. Mu dai mun ga a wannan gida ne aka fara gwada abin da muke yi yau a kowace ekklesiya, mutane kaɗan su zauna, ɗaya ya karanta, sauran su saurara, a yi tambaya, a ba da amsa da Hausa.

To, ga wani abin da ba wanda ya shirya shi. Tun wajen 1867, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi, akwai wani malami a birnin, Malam Ibrahim.  Cikin karatunsa na Alkur'ani ne ya tsaya a kan wuraren da aka ambaci Annabi Isa ɗan Maryama, ya yi ta tunani a kan haihuwarsa, da mu'ujizansa, da komowarsa. Ya tara almajirai yana koya musu su ɗaukaka Isa su jira zuwansa. Abin ya kai kunnen hukuma, ya ƙi janye maganarsa, aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa suka watse zuwa duwatsun Ningi da kan iyakokin Kano da Zazzau da Bauchi. Ana kiransu Isawa, waɗansu kuma su ce Bani Isra'ila. Kusan shekara hamsin suna riƙe da 'yar fitilar nan, uba ya ba ɗa, ba littafi, ba majami'a, ba makiyayi.

A 1913 waɗansu daga cikinsu suka iso Zariya wurin Likita Mila, don sun ji akwai mai Littafin Isa. Ku auna yadda wannan rana ta kasance, 'yan'uwa. Gefe guda ga mutum ya yi shekara goma sha uku yana neman masu ji. Gefe guda ga mutane sun yi shekara arba'in da shida suna neman wanda zai karanta musu. Da yawa suka ba da gaskiya. Aka sami ƙasa a Gimi, cikin lardin Zazzau, suka tattaru suka kafa ƙauye na Masu Bi, da gonaki da makaranta da ɗakin sujada. Wanda ya zauna tare da su yana kiwonsu shi ne W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran yammacin teku, wajen Amurka. A Gimi ne aka fara ganin jama'ar Hausawa, maza da mata da yara, suna zaman gari guda a kan Maganar Allah. Manoma da ba su taɓa riƙe alƙalamin boko ba suka koyi karatu, domin kowa ya ga abin da aka rubuta da idonsa.

Amma wurin yana da ƙudan tsando. Ciwon barci ya shigo ƙauyen, ba kuwa maganin kirki a lokacin. Mutane suka yi ta mutuwa, gida bayan gida. Cikin 'yan shekaru dole aka bar Gimi, waɗanda suka ragu, yawancinsu yara da marayu, aka kawo su Zariya. Ba za mu yi kamar mun gane dalilin wannan ba. Mutanen da suka jira rabin ƙarni, sun samu, suka mutu da shi a hannu. Abin da za mu iya faɗa kawai shi ne abin da ya biyo baya. Daga zuriyar Isawan nan aka sami Ishaya Audu, likitan yara, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga baya kuma ya zama fasto. Daga makarantar mishan ɗin nan kuma R. A. B. Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya zama shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa na farko. Haka John Tafida, wanda shi da Rupert East suka rubuta Jiki Magayi.

Yanzu bari mu zo kan babban aikin. Ba Likita Mila ne ya fara juya Littafi da Hausa ba. J. F. Schön, Bajamushe na C.M.S., ya fitar da Matiyu a 1857, ya gama Sabon Alkawari a 1880. Amma Schön bai taɓa taka birnin Hausa ba. A Ingila ya yi yawancin aikinsa, da taimakon Dorugu, yaron nan da matafiyi Barth ya tafi da shi Turai. Aiki ne na ƙwazo, sai dai Hausarsa ba ta zauna a kunnen mutanen gari ba. Ana bukatar wanda ya sha ruwan birni, ya ji yadda ake magana a fada da kasuwa da zauren malamai. Likita Mila ya ɗauki wannan kaya, tare da Hausawan gidansa, da kuma 'yan'uwa na S.I.M. da S.U.M. da sauran mishan, waɗanda suke duba aikin suna ba da shawara.

Mai karatu yana iya tsammani juyi musayar kalma da kalma ne. Ina! Ku ɗauki misali. Hausa ta riga ta sami kalmomi da yawa na addini daga Larabci: Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, gafara, Attaura, Zabura, Linjila. Wannan babbar gata ce, gama waɗansu harsuna sai da aka ƙirƙira musu irin waɗannan. Amma kowace kalma ta zo da kayanta a ka. Mai juyi dole ya auna, in ya ɗauki kalmar, mai ji zai fahimci abin da Bulus yake nufi, ko kuwa zai fahimci abin da ya saba ji tun yana yaro? In kuma ya guje ta ya kawo baƙuwa, littafin zai zama baƙo a gidan mutane. Dubi kalmar fansa. A ƙasar da ake cinikin bayi har zuwa farkon ƙarni na 20, kowa ya san yadda dangi sukan tara kuɗi su fanshi nasu, ya san bawa mai biyan murgu yana tara abin fansar kansa. Da aka ce Yesu Mai Fansa ne, tsohon da ya taɓa ɗaukar igiya a wuya bai nemi wani dogon bayani ba. Irin wannan zaɓe, aya bayan aya, littafi 66, shi ne ya ci shekarun.

Akwai kuma batun rubutu. An buga waɗansu sassa da ajami, gama shi malamai suka sani. Likita Mila kuwa ya tsaya a kan boko, yana ganin manomi da matar gida za su fi saurin koyonsa. An yi ta ja da shi a kan wannan, har yau ma akwai masu ganin da an riƙe ajami da Littafin ya fi shiga zaurukan birni. Maganarsu ba ta rasa kan gado ba. A lokacin ma ba a riga an daidaita haruffan nan masu ƙugiya ba, shi ya sa tsohon bugu yakan yi wa yaran yanzu wuyar karantawa.

Ana cikin wannan sai ga wata jarraba. Gwamnati da masarauta sun daɗe suna so mishan ta fita daga cikin birni. Shi kansa Likita Mila ya ƙara wa wutar itace, gama mutum ne mai kaifin harshe, ba ya ganin abin da ya ɗauka zalunci ne ya yi shiru. Ƙarar da ya yi ta kaiwa tana cikin abin da ya sa aka tuɓe Sarki Aliyu ɗan Sidi aka kai shi Lakwaja, sarkin da a zamaninsa aka ba shi masauki. Har abokan aikinsa ma sun sha wuyar zama da shi, don in ya kafe ya kafe. Ba mu ɓoye wannan ba, gama Littafin da ya juya mana bai ɓoye laifin Dawuda ko na Bitrus ba. A 1929 aka ƙaura da mishan zuwa Wusasa, bayan gari, gindin dutse. Wani saurayi, Guy Bullen, shi ya jagoranci ƙaurar. Likita Mila bai so ba ko kaɗan, yana ganin an bar mutanen birni ke nan. Ya tattara takardunsa ya koma Kano, birnin da aka kore shi shekara 29 da suka wuce, ya zauna ƙarasa juyi.

A 1932 Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Ingila ta buga cikakken Littafi da Hausa, daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna.

Abin da ya faru bayan haka ba shi ne abin da ya roƙa ba. Shi birane yake so, Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato. Amma Littafin ya fi samun karɓa a kan duwatsun Filato, da kudancin Zazzau, da Adamawa, da bakin Binuwai, wurin kabilu masu harsuna barkatai waɗanda Hausa ce ta haɗa su a kasuwa. Mai bishara ɗaya, da Littafi ɗaya a jaka, yakan zauna ƙauye yana noma da rana, da maraice ya tara mutane a koyi baƙaƙe, daga nan a shiga Markus. Makarantar Gindiri da S.U.M. ta buɗe a 1934 da Hausa take horar da masu bishara. Haka Kagoro ta S.I.M. Haka a ƙasar Nijar, inda S.I.M. ta sauka Damagaram a 1924, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Sa'ad da ekklesiyoyin nan suka tsaya da ƙafafunsu, E.C.W.A. a 1954, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan a 1955, da harshen Littafin nan suka yi shawara, da shi suka yi addu'a. Ku lura da sunan ta biyun, har da Sudan a ciki, da tsohuwar ma'anarsa. Juyin 1932 ya yi wa jama'a hidima kusan shekara hamsin, kafin sabon juyi ya fito wajen 1980.

Wusasa ma da ya ƙi, ta yi albarka. Aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sosai, mai bakan gizo, sunanta ɗaya da asibitin da ya yi karatu. Aka yi asibiti da makarantu. A can Yakubu Gowon ya yi ƙuruciyarsa, ubansa Yohanna yana aikin bishara.

Ga kuma igiyar da ta ɗaure Wusasa da bakin Nilu. A 1935 aka naɗa Guy Bullen mataimakin Bishop Gwynne a Masar da Sudan. Mutumin da ya yi shekaru yana wa'azi da Hausa sai ga shi a ƙasar da Hausawa suka cika gonakin auduga na Jazira. Bai daɗe ba. A watan Disamba na 1937, shekarar da aka gama madatsar ruwa ta Jabal Awliya a kan Farin Nilu, jirgin saman da yake ciki ya faɗi a kudancin Sudan, ya rasu yana ɗan shekara arba'in da ɗaya.

Likita Mila ya ajiye aikin C.M.S. a 1935 ya koma Ingila, amma zaman bai karɓe shi ba. A 1939 ya komo Nijeriya. Ya rubuta littattafai da Turanci a kan rayuwarsa da kan mulkin Turawa, inda ya faɗa wa mutanensa kurakuransu ba tare da sakayawa ba, ya kuma goyi bayan a ba 'yan ƙasa ilimi da ragamar al'amuransu. A ƙarshe ya zauna Bukuru, kusa da Jos, a tsakiyar mutanen dutse waɗanda suke karanta Hausarsa kowace Lahadi. A can ya rasu cikin watan Agusta na 1952, yana da shekara 80, aka binne shi a Jos.